Rediyo Mai Aski da Ciwon Dasashi

A layin shagunan da ke bayan tashar mota, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti, akwai wani ɗan shagon aski mai kujera biyu, ko da yake ɗaya ce kawai take juyawa. Mai shagon kowa Rediyo yake ce masa. Sunan ya bi shi tun yana yaron shago yana share gashi a ƙasa, saboda bakinsa ba ya hutawa. Maigidansa na wancan lokacin ne ya fara cewa a taimaka a nemo masa inda ake kashe wannan rediyon, kuma har Allah ya yi masa rasuwa ba a gano wurin ba.

Ya haura shekara talatin yana aski. Yaran da ya fara yi wa ana riƙe su suna tsala ihu, yanzu su ne suke kawo nasu 'ya'yan. Hannunsa mai sauƙi ne. Sau ɗaya ya taɓa yankar kunnen mutum, shi ma ya rantse kunnen ne ya taso ya sami almakashi. Amma abin da ya fi yin suna a kai shi ne gyaran fuska. Zai kwantar da kujerar, ya jiƙa tawul da ruwan ɗumi, ya sunkuyo har numfashinsa yana taɓa goshin mutum, yana bin gefen gemu da reza yana zuba labari. Wanda ya shigo da damuwa sai ya tashi ya manta inda ya ajiye ta. Idan hannuwansa biyu suna aiki kuwa, kum ɗinsa na taje gashi yake cijewa da haƙoran gaba, kuma duk da haka maganar ba ta tsayawa, ta gefen baki take fitowa.

Tun yana saurayi yake shan sigari. Ba ya sha a gaban masu zuwa aski, bayan shago yake zagayawa inda janareta yake, ya tsaya a jikin bango ya zuƙa, ya dawo yana kaɗa riga. A gida kuma akwai matarsa, wadda har yanzu Maman Yara yake kiranta, alhali yaran sun girma, biyu sun yi aure, autan yana karatu a wani gari. Ɗinki take yi a falo, kekenta yana jikin taga. Mace ce mai ƙarancin magana. 'Yan uwanta sukan ce Allah ya san abin da ya yi da ya haɗa rediyo da mai sauraro.

Ya daɗe yana ganin ɗan ja-ja a cikin kumfa idan ya goge baki ya tofar. Wata rana a gani, wata rana babu. Bai taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba, domin buroshi mai tauri yake so, irin wanda idan ka dirza za ka ji ka yi aiki, sai ya ɗauka buroshin ne yake ɗan kartar sa. Haƙori bai taɓa yi masa ciwo ba. Yakan ma yi alfahari da haka a shago, ya ce shi bai san hanyar ofishin likitan haƙori ba, kuma ba ya neman sani.

Abin da ya fara lura da shi ba a bakinsa yake ba, a kujerarsa yake. Mutane suka riƙa zuwa a yi musu aski, amma da ya kai hannu zai kwantar da kujera sai su ce a bar gemun, suna sauri. Wasu da ya san ba sa wuce mako ba su zo gyaran fuska ba, sai ya hango su sun fito daga sabon shagon da aka buɗe a tsallaken titi, gemu tsaf. Ya ɗora laifin a kan talabijin ɗin da yaran can suka kafa, ya ce mutanen yanzu ƙwallo suke zuwa kallo, ba aski ba. Sai kuma kyautar minti ta yawaita. Wannan ya miƙo masa, wancan ya miƙo masa, har mai gyaran agogo da bai taɓa ba kowa komai ba ya fara ajiye masa guda a kan teburi.

Wata safiya yana ɗaura takalmi a bakin ƙofa, ya zazzage aljihunsa ya nuna wa Maman Yara mintin da ya tara. Yana dariya yana cewa duk da an guje shi, har yanzu akwai masu ƙaunarsa a layin nan. Ta tsayar da keken. Ta daɗe tana jefa masa kanumfari a shayi, ta sauya man goge baki ya fi sau nawa, ta sha ɗaura niyyar magana tana kwancewa. Ranar dai ta ga abin ya wuce ɓoyo.

"Malam, zan faɗi wata magana, ka yi haƙuri da ni," in ji ta. "Ba talabijin ba ce ta kwashe maka mutane. Bakinka ne yake wari. Ya daɗe yana yi, kuma yanzu ya ƙaru."

Ya zauna a kan kujerar da take ajiye yadi, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun kafin auren 'yarsu ta biyu. Nan ransa ya ɓaci. Ya ce wato shekara da shekaru yana sunkuyawa a kan fuskokin mutane suna riƙe numfashi, yana ta surutu kamar wawa, ita kuma tana gida ta sani ta yi shiru. Ta amsa laifinta. Ta ce kunya ce da tausayi suka ɗaure mata baki, kuma ta gane shirun bai yi masa amfani ba. Ya fita bai sha shayinsa ba. A hanya ya riƙa hura iska a tafin hannu yana shinshinawa, bai ji komai ba. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan harka hanci yana saman baki, kuma shi ne na ƙarshen samun labari.

Daga ranar Rediyo ya yi shiru. Ya sayi takunkumi ya rufe hanci da baki, ya ce mura yake yi. Yana aski ba ya cewa komai sai "sunkuya" da "ɗago". Masu zuwa suka riƙa tambaya ko batir ne ya ƙare. Ya yi ta kurkure baki da ruwan gishiri, ya tauna kanumfari har harshensa ya mutu. Ya je wurin mai kemis, aka ba shi kafso da wani ruwan kurkura mai yaji. Ya ɗan ji dama, kumburin da ya fara gani a dasashinsa na ƙasa ya sauka, amma da maganin ya ƙare komai ya dawo inda yake.

Wata rana da hantsi ba kowa a shago, ya zare takunkumi yana gyara kilifa, wato injin askinsa, ya cije kum kamar yadda ya saba. Sai ya ji haƙorin gaba na ƙasa ya motsa. Ya cire kum ɗin, ya ga jini a jikinsa. Ya matsa kusa da madubin da ya shekara talatin yana duba kawunan mutane a ciki, ya ja leɓensa ƙasa. Dasashin ya yi jajir, ya kumbura, ya janye daga jikin haƙoran har sun yi tsawo kamar ba nasa ba. Da ya danna da yatsa, wani farin ruwa ya fito a gefen haƙorin. Nan take ya tuna mahaifinsa. Tsohon bai kai sittin ba bakinsa ya zama wayam, kuma Rediyo ne yake jiƙa masa burodi a shayi yana ba shi. Ya ce a ransa gado ne, ya iso.

Mutum na farko da ya gaya wa shi ne Direba, tsohon abokinsa da ya yi shekaru yana jan babbar motar fasinja kafin idanunsa su sa ya ajiye aiki. Kullum yana kan bencin shagon da jaridarsa, kansa ba gashin da za a aske, zaman hira kawai yake zuwa. Haƙoran da suka rage masa ana iya ƙirga su da hannu ɗaya. Direba ya gyara zama ya ce duk abin da zai yi, kada ya yarda a yi masa wankin haƙori a asibiti. Ya ce wani surukinsa ya je da haƙoransa lafiya lau, aka sa masa inji, ya dawo duk suna rawa. Ya ba shi shawara ya bar su su faɗi da kansu, kamar yadda nasa suka yi, ba tare da an taɓa su ba.

Rediyo ya kawo wannan magana gida. Maman Yara ta saurara har ya gama, sannan ta ce ba ta ga dalilin da mai neman hanyar kasuwa zai tambayi wanda ya ɓata ba. Ashe ta riga ta yi bincikenta. Wata ma'aikaciyar jinya da take kawo mata gyaran rigunan aiki ta kwatanta mata sashen haƙori na asibitin da take aiki, ta kuma faɗa mata ranar da ake ganin sababbin zuwa. Da ranar ta zo, ta rufe keke da zane, ta shirya, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta. Ba ta ce ya tashi ba. Tsayuwar ce ta ishe shi, ya ɗauki hularsa.

Ɗakin likitar ƙarami ne, fari fat, da wata fitila mai hannu a sama. Abin da ya fara ɗaukar hankalinsa kujerar ce, wadda ake taka wani abu da ƙafa ta kwanta da kanta, ba ƙara ba tirjiya. Duk da tsoron da yake ji sai da ya yi sha'awar ta, ya ce a ransa da zai sami irinta da shagon tsallaken titi ya rufe. Likitar mace ce, ba za ta girmi babbar 'yarsa ba. Da ta sunkuyo ta ce ya buɗe baki, sai ya kau da kai, ya ce ta yi haƙuri, an ce masa bakin yana wari.

"Baba, ai shi ya kawo ka," in ji ta. "Wannan ba ƙazanta ba ce, ciwo ne, kuma yana da magani. Buɗe mu gani."

Ta ɗauki wani siririn ƙarfe ta riƙa zura shi a hankali tsakanin kowane haƙori da dasashi, tana faɗin lambobi mataimakiyarta tana rubutawa. Aka yi masa hoton ƙashi. Sannan ta tashe shi zaune, ta kira Maman Yara ta shigo, ta nuna musu hoton. Ta ce haƙoransa ba rami ko ɗaya, shi ya sa bai taɓa jin ciwo ba. Matsalar tana wurin abin da yake riƙe da su. Datti ya daɗe yana taruwa a gindin haƙora har ya daskare kamar dutse, ƙwayoyin cuta suka zauna a ciki, dasashi ya kumbura ya saki haƙori, rami ya buɗe a tsakani, ƙashin da ke ƙasa kuma ya riƙa zaizayewa kamar ƙasar gindin turke a bakin kwata. Daga cikin waɗannan ramukan warin yake fitowa, inda buroshi ba ya kaiwa, balle minti.

Ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce ƙashin da ya tafi ba zai dawo ba, kuma akwai haƙorin turmi ɗaya a can baya da ya riga ya wuce ceto, sai an cire. Amma sauran ana iya tsayar da ciwon a inda ya kai, su yi masa shekaru masu yawa. Ya tambaye ta maganar gado. Ta ce gaskiya ne wasu gidajen sun fi saurin kamuwa, sai dai mahaifinsa bai sami wanda zai duba shi ba, shi kuwa ga shi a kan kujera. Ya kawo maganar surukin Direba. Ta ce wannan tana jin ta kusan kullum. Haƙorin da ya riga ya saki, daskararren dattin ne yake tallafe da shi kamar busasshiyar laka, idan aka cire sai rawar da take nan tun da ta bayyana, amma barin dattin shi ne yake ƙarasa cinye ƙashin. Sai ta tambaye shi ko yana shan sigari, da kuma ko an taɓa gwada masa suga. Ya kalli Maman Yara, Maman Yara ta kalli fitila.

Ba a zama ɗaya aka yi aikin ba, sashe-sashe aka bi bakin. Kowane zuwa sai ta yi masa allurar kashe zafi, ta sa wani ɗan inji mai feshin ruwa wanda kukansa ya yi kama da na kilifa amma ya fi siriri, ta bi ƙarƙashin dasashi tana kankarewa. A zuwan farko ta nuna masa abin da ta ciro a kan auduga, wasu baƙaƙen ɓarɓashi kamar tsakuwa. Ya daɗe yana kallo. Ta sa ya jefar da buroshinsa mai tauri, ta ba shi mai laushi, ta riƙe masa madubi ta nuna masa yadda zai karkata shi ya bi gindin haƙora a hankali, safe da kuma kafin barci. Ta ba shi wasu 'yan ƙananan buroshi kamar tsinken sakace, na shiga tsakanin haƙora. Mutumin da ya koya wa yara fiye da goma riƙon reza, ga shi yana neman sittin ana koya masa goge baki, har ana ce masa a'a Baba, ba haka ba, sake.

Sai dai kafin abin ya yi daɗi sai da ya yi ɗaci. Bayan an gama rabin bakin, ruwan sanyi ya zama abokin gabarsa, ko iska ya shaƙa ta baki sai ya ji ta har ƙwaƙwalwa. Kumburin ya sauka, dasashin ya tsuke, sai wasu 'yan kafofi suka bayyana tsakanin haƙoran gaba, idan ya yi magana iska tana fita da ɗan fito. Haƙorin nan na ƙasa kuma ya ji kamar ya ƙara rawa. Likitar ta gaya masa duk wannan zai faru, amma jin magana daban, ganinta a bakinka daban. Direba ya leƙa bakin, ya ninke jaridarsa, ya ce ai ya faɗa. Ranar komawa ta zo, Rediyo ya buɗe shago ya kama aiki kamar bai san da ita ba.

Maman Yara ba ta yi faɗa ba. Da ya dawo cin abincin rana ta bari ya ci, sannan ta tambaye shi, idan ya fara yi wa mutum aski ya kai rabi, mutumin ya duba madubi ya ce an ɓata masa kai, ya tashi ya fita da tawul a wuya, me zai ce masa. Rediyo ya ce zai ce masa mahaukaci ne. Ta ce to, ita ba ta ce komai ba. Ya yi dariya, karo na farko tun ranar da ta gaya masa maganar nan, har ya manta bai rufe baki ba. Washegari ya je ya ba likitar haƙuri, aka sa masa wata rana. Ta ba shi wani man goge baki na rage jin sanyin, kuma a hankali abin ya lafa.

Gwajin suga ya nuna ta hau, ba sosai ba, amma ta hau. Likitan da ya gani a ɗaya sashen ya bayyana masa cewa ciwon suga da ciwon dasashi 'yan gida ɗaya ne, kowanne yana ƙara wa ɗan uwansa ƙarfi, idan aka danne ɗaya ɗayan ma yakan yi sauƙi. Aka rage masa sukarin shayi, aka hana shi lemon kwalba da yake sha kullum da rana, aka ce ya riƙa tafiya da ƙafa. Wannan bai ba shi wahala sosai ba, tunda Maman Yara ce take riƙe da cokali.

Sigari ce ta gwada masa iyakarsa. Likitar ta ce dasashin mai shan taba ba ya samun jini yadda ya kamata, saboda haka ba ya warkewa da kyau, kuma tabar ce ma ta ɓoye masa ciwon tsawon shekaru, domin tana hana jinin fitowa. Ya bari, ya koma, ya sake bari, ya sake komawa. A karo na uku ne ya riƙe. Makonnin farko ransa a kusa yake, har sai da ya yi cacar baki da mai fenti a kan bokitin da ya shekara goma a wuri ɗaya bai taɓa damun kowa ba. Mai gyaran agogo, wanda shi ma ya taɓa bari, shi ya kawo dabara. Duk lokacin da ya ga Rediyo ya nufi bayan shago, sai ya ajiye abin da yake yi ya ce su taka zuwa ƙarshen layi su dawo. Haka suka riƙa zagaye, ɗaya yana gunaguni ɗaya yana shiru. Da jinin dasashin ya ɗan ƙaru bayan ya bar tabar, bai firgita ba, domin an riga an gargaɗe shi cewa jinin ne ya fara dawowa wurin, kuma zai tsaya idan ya ci gaba da gogewa. Ya kuwa tsaya.

Bayan wasu watanni likitar ta sake bin bakin da siririn ƙarfenta. Rediyo bai san ma'anar lambobin ba, amma kunnensa ya gane sun fi na da ƙanƙanta. Ta ba shi madubi. Dasashin da a da yake jajir ya koma kalar lafiya, ya kama gindin haƙoran tsam. An riga an cire turmin nan na baya. Haƙoran gaba na ƙasa, waɗanda har yanzu suke ɗan motsi, ta haɗa su da wata siririyar waya ta ciki, inda ba a gani, don su tallafi juna. Ta ce ya daina cije kum. Ta kuma ce daga yanzu duk bayan wata uku ko huɗu zai riƙa zuwa a duba a share, ba don aikin bai yi ba, sai don irin wannan ciwon ba a sallamarsa, tsare shi ake yi.

Da suka fito harabar asibitin ya tsayar da Maman Yara a gindin wata bishiya, ya ce ta gaya masa gaskiya, kuma wannan karon kada ta ɗauki shekara biyu. Ya matso ya yi mata magana daf da fuska.

"Babu komai, Malam," in ji ta. "Tun watan jiya babu. Na bari ne ka tambaya da kanka."

Maganarsa ta dawo, da ɗan fitonta. Takunkumin kuwa bai jefar ba, ya mai da shi kayan aiki, yana sawa idan zai yi gyaran fuska, domin ya ga ita ma likitar haka take yi. Wasu daga cikin waɗanda suka gudu sun dawo, wasu sun saba da can, bai riƙe su a rai ba.

Ba a ce daga nan komai ya tafi sumul ba. Shekarar da Maman Yara ta yi jinyar ƙafa, shi ne shago shi ne asibiti shi ne kicin, sai ya yi sakaci. Ƙananan buroshin suka ƙare bai sayi wasu ba, ya tsallake zuwa dubawa har sau biyu. Wata safiya ya tashi da kumburi a sama ta baya, da wani ɗanɗano mara daɗi a baki. Ya koma da kunya kamar ɗalibin da ya gudu daga makaranta. Likitar ba ta yi masa faɗa ba. Ta fara tambayar jikin Mama, ta share wurin, ta ce ya zo da wuri, ba a yi asarar komai ba. Tun daga lokacin bai ƙara tsallakewa ba.

Wani abu kuma ya ƙaru a sana'arsa. Shi da yake sunkuyawa a kan fuskoki, yanzu ya san abin da yake gani da abin da yake ji. Idan ya lura da dasashi mai ja ko wannan warin, ba ya magana a gaban mutane. Yakan raka mutum har waje, ya fara da labarin kansa, ya ja leɓe ya nuna, sannan ya ce ɗan'uwa, ka je a duba ka. Wani ɗan kasuwa ya fusata bai sake zuwa ba. Wani malamin makaranta kuwa ya dawo bayan wata biyu ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce nasa an tarar bai kai ƙashi ba, wanki ɗaya ya isa.

Direba bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Abin da yake faɗa shi ne Rediyo ya taki sa'a, kuma ba kowa ne yake da irin sa'arsa ba. Shekaru suka wuce yana kan wannan magana a kan bencinsa, yana kallon abokinsa yana tauna abin da shi sai dai ya tsotsa. Rannan da yamma, bayan mutum na ƙarshe da aka yi wa aski ya fita, Rediyo yana wanke tawul, Direba ya yi gyaran murya daga bayan jarida, ya tambaya ko yarinyar nan likita tana yin haƙoran sawa. Ya ce ba don kansa yake tambaya ba, wani ne ya aiko shi.

Rediyo ya ce tana yi, amma sai wanda ya yi aiken ya zo da bakinsa, domin ba a gwada haƙori a bakin ɗan aike. Ya ƙara da cewa shi ma ranar dubawarsa ta kusa, in mutumin yana so su tafi tare.

Ranar da safe shagon bai buɗe ba. Mai gyaran agogo ne ya riƙa gaya wa masu zuwa su dawo da rana. A bencin jira na sashen haƙori, Direba ya zauna ya ƙanƙame jaridarsa, ya sa rigarsa mafi kyau, gumi yana tsattsafo masa a sanƙo. Da aka kira shi ya miƙe, ya yi taku biyu ya tsaya, ya waiwayo ya tambaya ko allurar tana da zafi. Rediyo ya ce yau ba allura, dubawa ce kawai za a yi da gwaji. Ya karɓi jaridar ya riƙe masa, ya raka shi har bakin ƙofa, sannan ya koma ya zauna yana jiran a kira nasa.